Igiyar Taubashi

Rahamatu tana daka a tsakar gidan Goggo, taɓarya na tashi na sauka, sai ga Barau ya faɗo ba sallama kamar yadda ya saba. Ya tsaya a bakin turmi ya zuba mata ido.

"Matarmu, sannu da aiki! Ina ɗan tseren mijin naki? Ko ya ji kukan jaki ya ɗauka begilar kumandan Faransa ce, ya sake arcewa?"

Ilu ya leƙo daga ɗaki yana dariya. "Kai bawa, yaushe ka yi baki? Ɗauki tsintsiya ka share mini ƙofa!"

"Ku dai ba ku gajiya," in ji Goggo, tana ɓarar gyaɗa.

Ilu ɗan ƙanen Goggo ne, Barau kuwa ɗanta tilo, ka ga ke nan taubasai ne, duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya sunansa wasa. Wata biyar ke nan da Ilu ya gudo da amaryarsa daga ƙasar Damagaram, shekarar da Faransa ke kwasar samari suna ɗora musu kayan soja zuwa yaƙin arewa. Suka sauka a wannan ƙauye na gefen Maigatari, Goggo ta ba su ɗakinta, ita ta koma madafa. Mai gari ya ce wa Ilu, "Ka ga ƙarfen nan da Turawa suka kafa bayan kuka? Muddin ba ka wuce shi ba, kai ɗan ƙasar Gumel ne. In ka wuce, ba ni da ta cewa."

Abin da ba wanda ya lura da shi, tun ranar da Rahamatu ta sauke kayanta Barau ya kamu da sonta. An nuna masa 'yan mata uku ya ce duk ba su iya tafiya ba. Ya bar gona ta yi ciyawa. In ta tafi rijiya yana bayanta, in ta dawo yana zaure. Ruwa ma ba ya sha sai wanda ta ɗebo. Kowa sai ya yi dariya ya ce ai wasan taubashi ne.

Ranar da aka kwana cika-ciki, gari ya tashi da hayaniya. A ranar ne ɗan mace ke kama ɗan namiji ya ɗaure shi, ya zagaya gari da shi, ba saki sai an fanshe shi. Barau ya shigo da sabuwar igiyar rama.

"Yau dai ubangida ya shiga hannun bawa! Miƙo hannu!"

Ilu ya miƙa hannu biyu yana ƙyaƙyata dariya. "Kai, a hankali mana! Wannan ɗauri haka, sa ka kama?"

"Matarmu, in kina son kayanki, fura nake so. Sabuwa, mai nono da yawa — ba ta jiya ba!"

"To Yaya Barau, kar dai ka sayar mini da shi kafin in zo," ta ce, ta ruga wajen ƙwarya.

Aka fita. Mata na guɗa, maza na tsokana, Ilu na rawa da ɗaurarrun hannuwa don ya ba mutane dariya. Aka bi ta ƙofar mai gari, aka bi ta maƙera. Sai Barau ya karkata arewa.

"Kai bawa, ina za ka da ni?"

"Gidanku zan mayar da kai, ɗan Faransa! Na gaji da ciyar da kai!"

Dariya ta ɓarke. Wani tsoho har da riƙe ciki. Ilu ya ga kuka, ya ga ƙarfen, ya fara turjewa, dariyar tasa ta ragu.

"Barau, ya isa. Barau — iyaka ce fa!"

"Ku ji matsoraci!"

Mutum ya fi arba'in a wurin, ba wanda ya ɗaga hannu. Wa zai shiga tsakanin taubasai? Sai a ce ba ka san wasa ba. Barau ya fizgi igiya da ƙarfinsa duka, Ilu ya yi tangaɗi ya faɗi taku uku bayan ƙarfen. Nan take dogaran kumandan biyu suka miƙe daga cikin sabara da bindigogi. Ba su ko sha wahalar ɗauri ba, an riga an yi musu.

Daidai nan Rahamatu ta iso da ƙwaryar fura a kai, tana haki tana murmushi. Ta ga ana jan mijinta a bayan doki. Ta yi ta miƙa ƙwaryar gaba, tana ihu, "Ga fansar! Na kawo, wallahi na kawo!" Mata uku ne suka danne ta.

Barau ya zube ƙasa yana birgima. "Wayyo ɗan'uwana! Tsautsayi, jama'a, tsautsayi!" Har aka koma ba shi haƙuri.

Bai yi wata biyu ba ya gaza ɓoyewa. Ya sami Rahamatu ita kaɗai tana tankaɗe, ya tsuguna a gabanta.

"Wanda ya tafi ɗaukar kayan soja ba ya dawowa. Mu je wurin alƙali ya raba auren, ni ina nan."

"Yaya Barau, kana cikin hankalinka?"

"Hankali? Ke kika ɗauke shi! Kin san sau nawa na taka zuwa hayin iyaka kafin dogaran nan su yarda su zo? Don ke na yi, don ke!"

Rariya ta suɓuce daga hannunta. Ta juya, sai ga Goggo tsaye a ƙofar madafa, ta ji komai.

"Goggo, kin ji? Mu je wurin mai gari!"

Goggo ta kau da kai. Can ta ce, "Ban ji komai ba, 'yar nan. Shi kaɗai gare ni."

"Shi wancan fa? Ɗan ƙanenki ne!"

"Wancan ya riga ya tafi."

A gaban mai gari Goggo ta rantse cewa baƙin ciki ne ya taɓa yarinyar. Aka yi ta nuna Rahamatu da baki, ana cewa baƙuwa ta ci tuwon gida ta dawo tana yi wa ɗan gida ƙazafi. Ta kwashe tsummokaranta ta yi bukka a bakin kasuwar Maigatari, tana sayar da fura. Duk ayarin da ya sauka daga arewa sai ta tambaya. Barau ya yi aike, ya yi roƙo, ya yi barazana, ya rame kamar kara. Amsarta ɗaya ce, "Da aurena."

Shekara huɗu cur. Wata ranar kasuwa wani mutum ya tsaya a gaban ƙwaryarta, yana dogara sanda, babu yatsu uku a ƙafarsa ta dama, bayansa duk shatar bulala.

"Mai fura, ki taimaka da ludayi ɗaya. Ba ni da ko wuri."

Ba ta gane fuskar ba, muryar ta gane. Kukan da ta yi ranar sai da kasuwa ta tsaya.

A ƙofar mai gari Ilu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun kafin mu kai zangon farko dogaran suna ta yi mini dariya. Suka ce in na ga Barau ɗan Goggo in gaishe shi, ya cika alkawari."

Ba a doki Barau ba, ba a kore shi ba. Dattawa suka ce kada kowa ya ƙara amsa masa sallama. Ya shiga masallaci sahu ya dare, ya je rijiya aka janye guga. Bai kai kaka ba ya bar garin, har yau ba wanda ya san inda ya mutu.

Goggo ta zo bukkar tana jan ƙafa, ta durƙusa a gaban ɗan ƙanenta. "Ilu, ɗana, ka yafe mini."

Ilu ya dube ta, ya juya ga matarsa. "Rahamatu, a ba baiwar Allahn nan fura. Kullum ta zo a ba ta."

Aka yi ta ba ta kuwa har ƙarshen ranta, amma bai sake kiranta Goggo ba.

Su kuwa Allah ya buɗa musu, suka yi gona a Ɗanzomo, suka haifi biyar. To ku 'yan mata, kun dai ga abin da haƙuri ya yi wa Rahamatu. Ku kuma samari, ku cire ido daga matar ɗan'uwa tun zuciya ba ta ruɓe ba. Iyaye, rufa wa azzalumin ɗa asiri ba ƙauna ba ce, rasa shi za ku yi ku haɗa da na kirkin. Sauran mu 'yan kallo, in kun ga wanda ake wasa da shi ya daina dariya, ku tashi ku raba.