Ƙafar Hagu a Jakar Baƙo

Ƙarfe tara na safe aka kawo ƙarar ofishin 'yan sanda. Mai ƙarar baƙo ne da ya zo yawon ganin gari, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da manajan kamfanin yawon, da kuma matarsa, wadda ta zauna can gefe tana kallon silin.

Ya dire jakar kyamara a teburin Sufeto, ya zuge zif. Babu kyamara a ciki, sai wani guntun katako mai siffar ƙafa, irin wanda masu ɗinkin takalmi ke ɗora fata a kai.

"Ka gani? Da safen nan na buɗe na tarar da wannan. Kyamarar ta fi motarka tsada!"

Sufeto bai musa ba, don ya san motarsa. Ya ɗaga katakon ya jinjina nauyinsa. Ƙafar hagu ce, ta sha hannu har ta yi santsi.

"Wa kake zargi?"

"Wadda ta zaga da mu gari jiya. Ita kaɗai ta riƙe jakar, a gidan abinci."

"Yaushe ka yi amfani da kyamarar na ƙarshe?"

"A saman hasumiya, da safe. Daga nan ban sake fito da ita ba."

Matarsa ta yi ɗan tari, ta ci gaba da kallon silin.

Wadda ake zargin an riga an kamo ta, tana tsare a bayan kanta. 'Yar Lema ake ce mata, saboda jar lemar da take ɗagawa baƙi su bi ta cikin cunkoso. Shekara goma sha biyu tana wannan aiki, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunta ba. Da aka nuna mata katakon sai idonta ya tsaya a kai na ɗan lokaci, sannan ta kawar da fuska.

"Kin san shi?"

"Katako ne, Yallaɓai. Na san katako."

"Ke kika ɗauki kyamarar?"

"Ban ɗauka ba. Kuma ba zan sa hannu a takardar da ban faɗi abin da ke ciki ba."

Shugaban ofis ya kira Sufeto gefe. Mutum ne mai son a rufe fayil kafin shayinsa ya huce. Ya ce manaja ya riga ya karɓe katin aikinta, saura a rubuta caji a tura ta kotu.

"Ranka ya daɗe, ba ni zuwa ƙarfe biyu."

"Me za ka gano? Ga mai laifi a hannu."

"Ga mata a hannu dai. Mai laifi ban gan shi ba tukuna."

Sufeto ya sa aka fito da ita, ya zaunar da ita a bayan mota kusa da Kofur. Ya ce ta bi da su duk inda ta bi da baƙinta jiya.

"Da ankwa a hannuna?"

"Doka ce."

"To, jama'a, barkanku da zuwa birninmu," ta ce da muryar aikinta. "A hagunku tsohuwar gada ce. A damanku kuma ɗan sanda ne da ya kama wadda ba ta yi komai ba."

Kofur ya ƙunshe dariya har kafaɗunsa na rawa.

Sun wuce hasumiya, suka ratsa unguwar bankuna mai gine-ginen gilashi, suka gangara bakin kogi inda gidan abincin yake. Mai kai abinci ya tuna su sarai: tebur na bakwai, mutum goma sha ɗaya, gasasshen kifi da shinkafa.

"Ita ta karɓi jakunkuna?"

"Ita ce, suna wanke hannu. Ta rataye su a wancan ƙarfen, a gaban idona. Ba ta buɗe ko ɗaya ba."

"Mai kyamarar fa?"

"Ai shi ya fi tsaya min a rai. Da kifin ya iso kowa ya ɗaga waya yana hoto, kifi na hucewa. Shi ma ya kai hannu zai ɗauko jakarsa, sai matarsa ta ce, 'Kada ka sake fito da abin nan, kunyar da ka ba mu yau ta isa.' Sai ya zauna."

Sufeto ya koma mota ya dubi 'Yar Lema.

"Wace kunya ya ba su?"

"Baƙi kullum cikin ba da kunya suke. Wacce zan tuna?"

"Ina kuka tsaya kafin abinci?"

"Kasuwar yadi."

A tashar motocin kamfanin suka sami direban bas ɗin da ya ɗauki baƙin jiya yana wanke taya. Ya ce kasuwar yadi bayan abinci aka je ta. Kafin abinci layin masu takalmi suka shiga, a tsohuwar unguwa.

"Awa ɗaya muke yi a can kullum. Jiya minti ashirin da biyar ta kwaso su, ranta a ɓace. Ni ko lemona ban shanye ba."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Kin yi min ƙarya."

"Na yi," in ji ta. "Ka ƙara a cikin cajin."

Layin masu takalmi siriri ne, mota ba ta shiga. Warin gam da na fata ya cika shi, ga ƙarar guduma ta ko'ina. Shago ya fi arba'in. 'Yar Lema ta ce ko za a kwana a nan ba za ta nuna ko ɗaya ba. Sufeto ya bar ta da Kofur a bakin layin, ya shiga da katakon a hannu.

Masu takalmi kuwa bakinsu ɗaya. Kowa ya juya katakon ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, har da wanda ya fara girgiza kai tun kafin ya duba. Sufeto ya daina tambaya, ya koma kallon bango. A kowane shago katakan a rataye suke bibbiyu, hagu da dama.

Can ƙarshen layi ya ga wani tsoho a kan kujera a ƙofar shago, da tsabtatacciyar riga. Ya rungume katako ɗaya a ƙirji, yana ta leƙa ƙarƙashin benci. A ciki wata mata ce ke yanka fata, hannunta duk kanta.

"Sannu da aiki. Shagonki ne?"

"Na mahaifina ne. Ni ke riƙe da shi tun da ya daina gane mutane."

"Baƙi sun zo nan jiya?"

"Kullum suna zuwa."

Ya ɗaga katakon. "Wannan naku ne?"

"Ba namu ba ne."

Ba ta rufe baki ba tsohon ya miƙe, ya fisge katakon daga hannun Sufeto. Ya haɗa shi da nasa, hagu da dama, suka zauna daidai. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Ga ɗan'uwansa! Tun jiya nake nema. Wa ya raba su?"

Matar ta ajiye wuƙa a hankali.

"Ya ɓata ne tun tuni," ta ce. "Wani ya tsinta."

"To shi ke nan," in ji Sufeto. "Sai in tafi da wadda ke hannuna. Ƙarfe biyu za a kai ta kotu."

Ya nuna bakin layi. Matar ta leƙa, ta ga 'Yar Lema a tsaye kusa da Kofur, hannayenta a haɗe. Sai ta fito waje ko takalmi babu.

"Yaya! Ke suka kama?"

"Koma ciki!" 'Yar Lema ta ɗaga murya. "Ban ce komai ba, ke ma ki yi shiru!"

Ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba, amma shekara goma sha biyu ɗaya na kawo baƙi ɗaya na auna musu ƙafa, zumunci ya riga ya ƙullu. Matar ta koma shago, ta jawo durowa, ta fito da kyamarar a naɗe cikin ƙyalle.

"Ga ta. Ni na ɗauka. Ko ƙwarzane babu."

"Me ya sa?"

"Jiya Baba ya ɓata jikinsa a nan, a gaban mutane. Ya tuɓe riga yana kuka yana kiran mahaifiyata, wadda ta rasu shekara tara. Ina ƙoƙarin rufe shi, mutumin nan ya durƙusa yana ɗauka, yana dariya. Yaya ta ce ya goge, ya ce ai ya biya kuɗin yawo. Baba fa, mutumin da sau uku ana zaɓensa shugaban layin nan!"

Ta share ido da bayan hannu, cikin haushi.

"Bayan haka wai zai sayi takalmi ya wanke kansa. Yana gwadawa na shige da jakar bayan labule, na cire kyamarar, na sa abin da hannuna ya fara kaiwa mai nauyinta."

"Katin hotunan fa?"

"Na yanka shi gida huɗu da wuƙar nan. Ka rubuta haka. In ya dawo gobe ya sake, zan sake."

Sufeto ya rubuta, kuma abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya cire ankwar daga hannun 'Yar Lema, ya sa ta a aljihu.

"Sai kin zo ofis," ya ce wa matar. "Amma shi ma mai ƙarar zai zauna ya bayyana min yadda kyamarar da bai fito da ita ba ta iso durowarki."

Ta sa takalmi, ta gyara ɗankwali, ta shige gaba kanta a sama. Duk layin guduma ta tsaya. Ta yi taku biyar ta juyo.

"Yaya, ƙarfe ɗaya yake cin abinci. Ba ya karɓa sai an zauna kusa da shi."

"Je ki, na sani."

Sufeto ya buga wa manajan kamfanin waya ya shaida masa an kama mai laifi. Manajan ya nemi a ba shi 'Yar Lema. Muryarsa har waje ana ji: ta zo maza ta karɓi katinta, baƙi goma sha biyar na cikin bas suna jira, in ta wuce rabin awa zai ba wata.

'Yar Lema ta dubi tsohon, wanda ya fara waige-waige yana neman 'yarsa. Ta jawo benci ta zauna kusa da shi.

"Ka ba wata," ta ce, ta miƙa wa Sufeto wayarsa.