Wayar Kaka Ta Yi Shiru

A Beli akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce mai riƙe wa kakarta waya.

Wayar kuwa ta tsufa, har da roba aka ɗaure bayanta. Amma ta nan Kaka take jin muryar autanta, Baffa Lukumanu, mai aiki a Fatakwal. Gidansu babu sabis. Duk Juma'a sai yarinyar ta hau tudun bayan makaranta, ta jira saƙon murya ya shigo, ta kawo wa Kaka.

Wata rana wani rubutu ya fito. An ce manhajar saƙo za ta daina aiki a tsofaffin wayoyi irin wannan. Yarinyar ta karanta, ta kuma gane sarai. Amma ta gaji, ga rana, ga yunwa. Sai ta goge shi. Ya sake fitowa, ta sake gogewa. Ko Baba ba ta gaya wa ba.

Ai kuwa wata Juma'a manhajar ta ƙi buɗewa.

"Me autana ya ce?" in ji Kaka.

Tsoro ya kama yarinyar. Ta ce, "Bai turo ba, Kaka."

Haka aka yi ta yi. Kaka ta rage cin abinci. Ta daina tsokanar jikoki. Kullum tana zaune a bakin ƙofa, ta yi tagumi.

"Ko ba shi da lafiya ne?" ta ce. "Ko ya manta da ni?"

Yarinyar ma duk ta rame. Ta gaji da hawa tudu a banza, ta gaji da ƙarya. A aji Malama Nuriyya ta lura.

"Ke, lafiya kike ta gyangyaɗi?"

Sai yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

Malama ta numfasa. "Tsufan waya ba laifinki ba ne. Laifinki shi ne shirun da kika yi. Da kin faɗa da wuri, da an nemi mafita."

Bayan an tashi suka je gida tare. Yarinyar ta durƙusa.

"Kaka, ki yafe mini. Wayar ce ta daina aiki, na ɓoye miki."

Malama ta sa layin Kaka a wata wayarta. Yarinyar ta ruga tudu. Saƙonni suka yi ta shigowa, duk na Baffa. Ta dawo ta kunna wa Kaka.

"Inna, lafiya kuwa? Na ji ki shiru, na kasa barci."

Kaka ta ji, ta sake ji, tana share hawaye. Sannan ta ja kunnen jikarta a hankali.

"Ja'ira. Zubo mini tuwo, yunwa nake ji."

Da wata ya kama, Baffa ya aiko da sabuwar waya. Tun daga nan yarinyar ta gane cewa idan ka ga gargaɗi, ka gaya wa manya da wuri, kuma kada ka rufe kuskure da ƙarya.