Bugun da Ba a Ƙirga Ba

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata ɗalibar jinya da aka turo asibiti koyon aiki ta gaji da zagayen dare, sai ta zauna tana rubuta bugun jinin marasa lafiya da ka, ba ta taɓa kowa ba.

"Ke, marar kunya! Da rayukan mutane kike wasa?"

Wata tsohuwar nas ce tsaye a kanta, farin kayanta na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Haka wata malalaciya ta yi mini a gadon can. Ga hannuna, ƙirga, in ga abin da aka koya miki!"

Ɗalibar ta kama hannun, sanyi ƙalau. Ta zuba wa agogo ido har minti ya cika.

Ko bugu ɗaya ba ta ji ba.