Ramin Germa A Gangaren Haslach

Korbinian Haslach ya tofa yawu a tafinsa, ya miƙa wa Dakta Irmtraud Vogler hannu. Ta dubi hannun, ta dubi tsohon, sannan ta kama.

"Ciniki ya faɗa," in ji shi. "Saiwar maganin da ke gangarena taki ce, da sirrin haɗin da kakana ya bar mana. Amma 'yata Burgl ce za ta riƙa haƙa, ba yaran kamfani masu takalman roba ba."

"Na yarda, Baba. Sa hannu a takarda kuma sai an sauko da shanu daga tsauni."

"Takarda ta lauyoyi ce. Mu a Rettenau hannu ke ɗaure mutum."

Dakta Vogler tana da ƙaramin ɗakin gwaji a kwari, inda take haɗa man shafawa na miki. Ta shuka ƙwayoyin cutar da ke sa miki ya yi mugunya a kan farantin gilashi, ta ɗiga musu jiƙon da gidan Haslach ke yi da saiwar enziyan, wani tsiron tsauni mai ɗaci. Washegari ta tarar duk kewayen ɗigon ya yi fes, babu ƙwaya ɗaya mai rai. Ta zuba shi a man da ke saurin ɓaci, man ya ƙi yin wari. Abin da ya hawo da ita tsauni ke nan.

Ba a kai ga sa hannu ba. Wata safiya Burgl ta shiga rumfar shanya saiwoyi ta sami uban kwance a ƙasa, ya yi amai, jikinsa ya yi sanyi. Cokalin da yake shan jiƙonsa da shi kullum kafin karin kumallo yana gefen hannunsa.

Likitan gawa bai sha wahala ba. Gubar wani tsiro da ake kira germa ce ta tsayar da zuciyar tsohon, kuma tana cikin kwalbar jiƙon.

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da wannan ke nufi. Germa da enziyan ganyensu ya yi kama kamar an tsaga kara, sai dai ɗaya magani ɗaya ajali. Kuma dokar ƙungiyar masu tsauni tun kakanni ita ce: wanda ya taɓa haɗa su, an karɓe daginsa har abada, gangaren ya koma hannun na kusa da shi a dangi. Burgl ce ta haƙo saiwar bana. Kafin a binne tsohon, garin ya gama yanke mata hukunci, mai gabatar da ƙara kuma ya fara maganar kisa ta hanyar sakaci.

Aka ba Sufeto Ruprecht Zettler binciken. Na san shi tun yana kiwon awakin uwarsa. Mutum ne mai tafiya kamar ba ya son zuwa, amma ban taɓa ganin ya dawo hannu rabbana ba.

Ya fara da Burgl, a ɗakin girkinta.

"Ke kika cika kwalbar?"

"Ni ce, Yallaɓai. Ni na wanke saiwar, ni na yanka."

"Kin taɓa yin kuskure?"

"Tun ban kai tsawon dagi ba Baba yake sa ni na rufe ido na bambance su da yatsa. Ganyen enziyan biyu-biyu yake fita, suna fuskantar juna. Na germa ɗaiɗai yake hawa. Ko ina barci ba zan haɗa su ba."

"Kowa haka yake faɗa, har ranar da ya haɗa. Wa ke shiga rumfar?"

"Ba ta da kwaɗo. Wa zai saci ɗaci?"

"Babanki yana hawa tsauni?"

"Rabonsa da gangaren tun da gwiwarsa ta lalace. Matakalar coci ma sai na riƙe shi."

Zettler ya gangara kwari wurin Dakta Vogler. Ta nuna masa farantan gwajinta, idonta jajir.

"Ya ba ki sirrin haɗin?"

"Da ya ba ni, ina zaune nan ina kallon gilashi? Rabi na wurinsa, rabi na wurin 'yarsa. Ɗaya ya mutu, ɗaya za ku ɗaure. Faɗa mini ribata."

"Kin gwada abin da ke cikin kwalbar?"

"Likitanku ya aiko mini in duba. Saiwar da aka yanka gunduwa-gunduwa duk enziyan ce. Germar gari ce, an daka ta, ta kwanta a gindin kwalba."

Zettler ya sa hularsa. Mai kuskure yakan yanka saiwa biyun tare. Ba ya ware ɗaya ya daka. Amma wannan bai wanke Burgl ba, sai ma ya mai da sakacin ya zama ganganci.

Saura Magnus Haslach, ƙanen mamacin, mai masaukin baƙi a bakin kasuwa. Ya tari Sufeto da miya mai zafi.

"Ruprecht ɗan akuya! Yau kai ne da hular hukuma a gidana?"

"Ni ne, Baba Magnus. Yaushe rabonka da dagi?"

"Tun kafin gashinka ya fara gudu. Bayana ya ƙi, na bar wa masu ƙarfi."

"An ce masu motar igiya, mai ɗaukar mutane ta sama zuwa kan tsauni, sun zo maka, suna son kafa turakunsu a gangaren."

"Sun zo wa kowa. Na ce musu ba nawa ba ne." Ya girgiza kai. "Ni yarinyar nan nake tausaya wa. Hannu ɗaya, aiki ya yi mata yawa. Ka yi mata sassauci, ba da gangan ta yi ba."

Matarsa tana kwashe kwanuka ta ce, "Shi ma ai bai da lafiya. Makon jiya atishawa ya yi ta yi a ɗakin ajiya kamar zai fasa ƙirji, alhali ba mura."

"Ƙura ce, mace. Je ki duba tukunyarki."

Da gari ya waye Zettler ya hau tsauni shi kaɗai. Hazo ya sauko har gwiwa, ƙararrawar shanu na tashi daga inda ba a ganinsu. Ya bi gangaren Haslach daga ƙasa zuwa sama. Duk inda Burgl ta haƙa, ta mayar da ƙasa ta kafa jan turke, kamar yadda hukumar daji ta tilasta tun tana budurwa. A kusa da turakunta babu kan germa ko ɗaya da aka taɓa.

Makiyayin tsaunin ya same shi a nan.

"Kana cire germa?" in ji Zettler.

"Ina cire shegiya duk inda na gan ta. Ta taɓa kashe mini maraƙi."

"In ka cire, me kake yi da ita?"

"In jefar a kan dutse rana ta cinye ta. Ko so kake in yi mata gado?"

Can ƙasa akwai wani kwazazzabo mai damshi inda enziyan ba ta fitowa, germa ce zalla. Zettler ya sauka ciki. Ya daɗe yana dube-dube, sannan ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe.

Ranar saukar shanu garin ya cika maƙil. An yi wa saniyar gaba kambin furanni, masu busa suna busa. Zettler ya shiga masaukin Magnus da 'yan sanda biyu, ya sa aka kira Burgl. Ya ajiye ƙullin tsumma a kan tebur, ya kwance. Farin dutse ne kamar dunƙulen hannu, da kan saiwar germa mai ɗanyen yanka.

"Baba Magnus, koya mini. In mai dagi ya haƙo saiwa, me yake yi?"

"Kowane jariri ya sani. Ka yanke abin da za ka ɗauka, ka mayar da kan cikin rami don ya sake tsirowa, ka rufe ƙasa."

"Sannan?"

"Ka ɗora farin..."

"Ƙarasa mana. Farin dutse, don kada wani ya sake haƙa wurin. A kwazazzabo na sami wannan. An haƙi germa, an mayar mata da kanta, an rufe ta tsaf, an ɗora mata dutse. Wane mahaukaci ne ke tattalin guba don ta sake tsirowa? Makiyayi jefar da ita yake. Dakta ba ta san ta inda ake riƙe dagi ba. Burgl turke take kafawa, ba ta taɓa ɗora dutse ba a rayuwarta. Masu dutse ku uku ne kuka rage a wannan kwari. Ɗaya yana maƙabarta tun bara. Ɗaya yayanka ne, wanda gwiwa ta hana hawa. Kai ka tafi yin kisa, hannunka kuma ya tafi yin aikin da aka koya masa."

"Dutse ne shaidarka?"

"Da turmin da yarana suka ɗauko yanzu a ɗakin ajiyarka. Garin germa ba ya shiga hanci ya bar mutum lafiya, matarka ta ji ka. In yayanka ya sa hannu a takardar Dakta, gangaren ya fita hannunka ke nan. In ya mutu aka karɓe dagin 'yarsa, kai ne na kusa a dangi."

Burgl ta miƙe, tana riƙe da bakin tebur.

"Baffa, kai ka ɗauki makararsa. Ka tsaya kusa da ni a bakin kabari kana ce mini in yi haƙuri, kuskure ne."

Magnus bai dube ta ba. Hannayensa yake kallo, kamar na wani ne aka ara masa. A waje shanu suna wucewa, ƙararrawarsu ta cika ɗakin, har ba a ji ƙarar ankwa ba.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Masu motar igiya ba su yi asarar komai ba, sun kafa turakunsu a kwarin maƙwabta. Dakta Vogler ta ci riba, don Burgl ta cika alkawarin ubanta ta ba ta rabin da ta sani, sauran kuma suka lalubo shi tare a kan farantin gilashi. Magnus ya rasa masauki, ya rasa suna, zai tsufa a bayan kanta. Burgl ta tsira da 'yancinta da daginta. Amma mutanen Rettenau sun riga sun yi makonni suna cewa ita ce, kuma bakin da ya faɗi abu ba ya son haɗiye shi. Man da take haƙo wa saiwa yana warkar da miki a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. A garinsu kuwa, har yau in ta miƙa wa maƙwabci kofi, sai ya ce ya ƙoshi.