Muryar Auta a Tsohuwar Waya

Ranar da ta fara ganinsa, hannunsa ta kalla kafin fuskarsa. Yana riƙe da ɗan siririn sukundireba, ya duƙufa a kan wata waya da ya buɗe cikinta, fitila mai dogon wuya tana haska masa tebur. Shagon matsattse ne, a ƙarƙashin matakalar wani bene. Maƙwabtansa Injiniya suke ce masa, duk da gyaran waya kawai yake yi.

Ta ajiye masa waya mai fasasshen gilashi.

"Wata bakwai ba a kunna ta ba. Hotunan ciki nake so."

"Taki ce?"

"Ta ƙanwata ce. Ta rasu."

Ta faɗa kamar mai karanto sakamakon gwaji. Dama aikinta ke nan, gwajin jini a wani asibiti. Tun da Auta ta rasu take tashi, ta yi sallah, ta tafi aiki, ta dawo, ta kwanta. Ba ta kuka, ba ta dariya. Mutane suna ta yaba haƙurinta, ita kuwa ta san ba haƙuri ba ne. Babu komai ne a cikin ƙirjin.

Ya yi mata ta'aziyya, ya ce ta dawo jibi.

Da ta dawo, wayar ta kama. Ya miƙo mata yana sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri, Malama, sai da na duba ko komai ya fito. Hotuna ba su kai ɗari ba. Sauran duk manga ne da anime, sai saƙonnin murya da ta ɗaukar wa kanta, sun fi ɗari biyu."

"Katun ɗin nan nata?"

"Manga shi ne na littafi, anime shi ne na kallo. Nata duk na soyayya ne. Sharhi take yi a kansu. Guda ɗaya na saurara, na rantse ɗaya tak."

Ta danna na farko. Muryar Auta ta cika shagon, da ɗan hakin nan da ciwon zuciya ya bar mata.

"Ni dai a daina cutar abokin yarinta! Shi ya riƙe mata jaka tun suna firamare, shi ya san abin da ba ta ci. Sai wani mai gashi ya rufe masa ido ɗaya ya zo yana hararta, wai shi za ta zaɓa. Allah ya isa!"

Injiniya ya yi dariya, nan take kuma ya kama bakinsa. Ita tana tsaye, tana jiran wani abu ya motsa a ranta. Bai motsa ba.

"Gaskiya ta faɗa?" ta tambaya.

"Rabi. Abokin yarintar shi ma da laifinsa, shekara goma bai buɗe baki ba. Kina so ki san labarin da take nufi?"

Ya jawo durowa ya fito da ɗan littafi mai lanƙwasasshen bango. Ta buɗe, ya ce a'a, daga baya ake farawa, daga dama zuwa hagu. Ta jefa shi a jaka don kawai kada ta gwale shi.

Kwana huɗu sai ga saƙonta.

"Na gama. Shafi ɗari da tamanin, ko sunanta bai kira ba."

"Sai a littafi na shida yake kira. A na goma sha biyu ya ce yana sonta."

"Ko a ƙarya ma ba su da sauri."

"Saurin me ake yi? Gobe ki biyo ki karɓi na biyu."

Haka ta fara biyawa ta shagon idan ta tashi aiki da la'asar. Za ta zauna a kan benci, su saurari saƙon Auta guda ɗaya, ba sa wuce ɗaya, sannan su yi musu. Shi ya fi son littafin, wai a nan mutum zai iya tsayawa a shafin da babu magana ko ɗaya, sai taga da ruwan sama, ya daɗe yadda yake so. Na kallon kuwa kiɗa ne ke gaya maka lokacin kuka. Ita duka biyun ba su cika burge ta ba. Idanun sun yi girma, kowa siriri, kuma a rasa inda za a furta so sai daidai lokacin da jirgin ƙasa ke wucewa.

Wata rana ta mayar masa da wani littafi tun ba ta kai rabi ba.

"Yarinyar za ta mutu, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Furanni na zuba, gashinta a gyare, tana murmushi. Na ga mutuwa, Malam Katun. Ba ta da furanni. Ƙarar na'ura ce, da ƙafa a kumbure, da nas tana cewa a fita waje."

Bai yi musu ba wannan karon. Ya mayar da littafin durowa, ya zuba mata shayi daga filas.

"'Yar shiru," ya ce, "duk wanda aka mutu a ciki na cire shi daga layi."

Daga ranar sunan ya bi ta.

Wata biyar da haɗuwarsu ya turo mata: "Ba zan jira littafi na goma sha biyu ba. Ina sonki, kuma aure nake nufi."

Ta karanta a ɗakin gwaji, safar roba a hannunta ɗaya. Ta rubuta masa: "Ban san ko ina jin komai ba. Abin da na sani, idan huɗu ta yi ƙafata shagonka take nufa."

"Ki bar ƙafar ta ci gaba da zuwa. Sauran jikin zai biyo ta."

A gida ne abin ya tsaya. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe su tun rasuwar mahaifiyarsu, tana da nata ɗan takarar: wani likita a asibitin, mai mota da natsuwa, wanda ya taɓa kawo 'Yar shiru gida sau biyu yana yi mata bayanin hawan jini duk tsawon hanya. Ba shi da aibu. Idan yana magana sai ta riƙa ƙirga fitilun titi.

"Ke da likita ke nema, ki ɓuge da mai kallon 'yartsana?" in ji Gwaggo. "Idan kin haihu, da shi da yaran wa zai ƙwace wa wani rimot?"

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ninke jaridarsa.

"Namiji ɗan shekara talatin yana kallon katun. Ba na son in sake jin sautin abin nan a gidana. Magana ta ƙare."

Ta ce to. Ta shiga ɗaki ta goge kayan aikin gobe. Ta gaya wa Injiniya yadda aka yi, ya ce zai jira.

Sati biyu bayan nan ta ga wani rubutu da ya saka a shafinsa na intanet, inda yake sharhi da abokansa masu irin wannan karatun:

"Na gaji da ita. Yarinya kamar ƙanƙara, ana ta lallashi ba ta narkewa. Mutum ba dutse ba ne. Ni dai na ajiye."

Ta karanta sau uku. Sai ta ji wani abu ya soke ta a ƙarƙashin haƙarƙari, har ta dafa tebur. Ta daɗe ba ta ji ciwon da ba na jiki ba, sai da ta ɗan jima kafin ta gane shi. Ta toshe lambarsa. Da likita ya ce zai kai ta gida, ta shiga motar.

Kwana goma sha tara ba ta bi ta layin shagon ba. A na ashirin ta fito daga ƙofar asibiti ta tarar da shi a tsaye cikin rana, ya rame, da littafi a hannu.

"Laifin me na yi?"

Ta nuna masa rubutun. Ya karanta, ya dube ta, ya buɗe littafin ya nuna mata wata yarinya mai farin gashi, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Ga ƙanƙarar. Littafi ashirin da uku marubucin yana ja mana rai. Ita na ajiye. Ki duba ƙasan rubutun, har lambar babi na saka."

Ta duba. Lambar tana nan.

"Na ji zafi," ta ce a hankali, kamar mai ba da labarin wani.

"Ki yafe mini."

"A'a, ba ka gane ba. Cewa na yi na ji."

Washegari ta sami likita a ofishinsa ta ba shi haƙuri. Ya ce ya gode da ta faɗa masa da bakinta.

Injiniya ya ce zai je ya ga Baba da kansa. Ya zo ranar Asabar da hantsi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ita tana bayan labule. Baba ya tambaye shi iyayensa da sana'arsa, ya amsa. Ya tambaye shi ko zai daina kallon abin nan.

"Baba, in na ce zan daina, ƙarya na yi maka. Ba ya hana ni sallah, ba ya hana ni aiki. Amma ba zan kunna shi a inda kake ba."

Baba ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Akwai wani katun da Auta take kallo a asibiti. Yarinya mai ɗaukar hoto, da yaro ɗan gidan mai gasa burodi. Kullum sai ta ce, Baba zo mu kalla. In ce mata ni ba yaro ba ne." Ya mayar da tabaran. "Saura kashi biyu ta gama. Ka san shi?"

"Na sani, Baba."

"Yaya ya ƙare?"

Injiniya ya gyara zama ya ba shi labarin tiryan-tiryan: yadda yarinyar ta tafi karatu wani gari, yadda yaron ya kasa rubuta mata wasiƙa sai dai ya aika burodi, yadda ta dawo bayan shekara huɗu ta same shi da gari har gira.

"Sun yi aure?"

"Sun yi, Baba."

Baba ya daɗe yana kallon bango.

"Da ta ji daɗi," ya ce. Ya tashi, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa bai juyo ba. "Ka turo manyanka."

Gwaggo ta yi kwana uku tana kumbure-kumbure. A na huɗu aka ji ta a waya tana faɗa da tela a kan ɗinkin amarya.

An ɗaura aure wata biyu bayan haka, da safe, ba a yi wani taro mai yawa ba. Da za ta tafi, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa ki yi dariya a gidanki, ki daɗe kina yi. Kai kuma, Injiniya, na ba ka amana."

Gwaggo ce ta yi kukan duka gidan. Amarya idonta a bushe ta shiga mota.

Sabon gidan ɗaki biyu ne, yana ƙamshin fenti, akwatuna jibge a lungu. Da 'yan rakiya suka watse, ya zauna a gefenta, ya bar ɗan fili a tsakaninsu.

"'Yar shiru, me kike ji?"

Ta yi tunani sosai, don ba ta son yi masa ƙarya.

"Takalmin nan ya matse ni tun safe," ta ce. "Kuma ina jin daɗi. Kaɗan."

Ya sauka ƙasa ya kwance mata igiyar takalmin, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a bakin ƙofa kusa da nasa.

"Kaɗan ɗin ya ishe mu farawa."

Ta matso ta cike filin da ya bari, ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ƙara mata a kan kaɗan ɗin nan, ya jiƙan Auta.