Sabis a Kan Turmi

A zamanin da wayar shafawa ta fara shigowa, an yi wani tela mai son a yabe shi, wanda shi kaɗai ke da irinta a ƙauyensu. Kullum sai ya zauna a dandali, ya shafa fuskarta, ya ɗauki mutane hoto, ya kara ta a kunne yana ta surutu shi kaɗai. Yakan ce, "Wayata ko cikin rijiya tana kamawa."

Alhali kuwa wuri ɗaya tak sabis yake a ƙauyen: bayan ɗakin matarsa, shi ma sai an hau turmi. Can yake lallaɓawa in ba kowa.

Ran nan maciji ya sari wata tsohuwa maƙwabciyarsa. 'Yarta ta sheƙo dandali da gudu, ta ce, "Baba tela, kira mana mai mota!"

Ya shafa, ba sabis. Ya ɗaga sama, ba sabis. Ya dubi jama'a, ya dubi mai kuka. Sai ya tattare babbar rigarsa ya nufi gida, mutane na biye. Ya kife turmi, ya hau, ya buɗe lasifika, ya miƙa hannu sama. Kira ya shiga!

Mota ta zo, aka kai tsohuwa asibiti, ta sami sauƙi.

Abokansa suka ce, "Malam, ashe rijiyar taka turmi ce?"

Ya ce, "Ku ji mini mutane! Maimakon ku yabi yadda na hau da babbar riga ban faɗi ba!"

Matarsa ta ce, "An yaba, Maigida. Mayar mini da turmina, gero zan daka."