Gilashin da Ke Jin Warin Amoniya

"Wannan ɗan gilashin ne zai tsare mu?"

Zaharadden ya ɗago da sauri. Wata takwas ke nan da zuwansa Jidda daga Zariya, daga ɗakin bincike sai ɗakin kwanansa a Kurayyat, Hausa kuwa sai a waya. Mai maganar Wejdan ce, jami'ar kula da lafiyar ma'aikata a rumbun sanyaya kifi da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta duk Larabci ya ratsa.

"Shi ne," ya ce. "Mun shafa masa sinadarin zink oksaid, shafin ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. In amoniyar injin sanyi ta tsiyayo ta taɓa shi, wutar da ke bi ta cikinsa sai ta canza, ƙararrawa ta buga."

"Ɗayyib, ɗan Zariya. Za mu gani."

Daga ranar suka fara waya. Yakan gyara mata Hausa, ita kuma ta yi wa Larabcinsa dariya.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Othman, ya ƙi. "Baƙo ne, iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta shekara guda ce. Ga ɗan'uwanki Mish'al a gida."

Ana cikin haka laimar teku ta rikita gilashin, ƙararrawa ta dinga bugawa ba dalili. Aka cire na'urar. Kunya ta hana Zaharadden kiranta. Mako uku yana ɗakin bincike shi kaɗai, yana gasa sabon shafi, ya gwada, ya zubar. Mish'al kuwa ya ce mata ai mutumin ya haɗa kayansa.

Sai ga saƙonta: "Ko ka tafi ne ba sallama? Wallahi gari ya yi mini faɗi."

Ya amsa: "Ina nan, hasken idona. Aikina ne ya faɗi a gabanki, na rasa bakin magana."

"Khalas. Ni gilashi zan aura? Yalla, zo ka ga Abuya."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya je gidansu a unguwar Madain Fahd, ya durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. In gwajin nan bai yi ba, ƙila a sallame ni. Amma duk inda zan zauna, da ita nake so."

Malam Othman ya ce: "Mahaifina ma a tashar jiragen ruwan nan ya sauka, bai san kowa ba, wani ya ba shi 'yarsa. Turo manyanka."

Bayan wata biyu sabon shafin ya jure laima, aka mayar da na'urar rumbu. Wan mahaifin Zaharadden ya zo Umara ya karɓar masa aure.

Da aka shafa fatiha, Malam Othman ya riƙe hannun ango.

"Daga yau kana da gida a Jidda, ɗana. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."